KAMA DA WANE BA TA WANE

Bahaushe yana da kalma ɗaya, gansakuka, ga duk wani koren abu da ya fito a ruwa, ko a jikin randa ko a bakin rijiya. Amma mai kiwon kifi da ya tsaya a kan wannan suna kaɗai yana tare da hasara.

A Kwali, garin Ladi Kwali wadda ta yi suna wajen zana kifi da kada a jikin tukwanenta har aka sa hotonta a takardar naira 20, akwai wani dattijo, tsohon malamin makaranta, mai kiwon karfasa a kwatarniyar gilashi da kuma a tankin siminti. Shi ya raba gansakuka gida uku, da ido da yatsa da hanci yake rarrabe su.

Ta farko ita ce ta ainihi. Idan aka ɗaga ta a haske za a ga ƙananan ganye jere a kan siririn kara, tana kama dutse ko itace, ba ta da santsi. Wannan yakan bar ta, domin cikinta 'ya'yan kifi ke ɓuya. Ko ita ma takan ruɗa masana, gama wadda 'yan kasuwa ke kira gansakukar Java ta daɗe da sunan Vesicularia dubyana kafin a gane yawancinta Taxiphyllum barbieri ce.

Ta biyu kamar gashi take, ba ganye ba kara, tana naɗewa a jikin tsinke. Ita rage ta yake yi da hannu.

Ta uku ita ce abar tsoro. Takan shimfiɗu kamar fenti, tana warin rima, kuma ba tsiro ba ce, tarin ƙwayoyin bakteriya ne, waɗansunsu masu dafi. Idan ta yi yawa, da dare sai ta shanye iskar da ke cikin ruwa. Da asuba a ga karfasa sun taso sama suna haki, alhali tarwaɗa, da yake tana iya shaƙar iskar waje, ba ta nuna alama da wuri. Da ya gan ta sai ya rage abinci, ya canja ruwa, ya kare tankin daga rana.

Saboda haka, jama'a, kafin a kankare ko a ƙyale, a ɗebo kaɗan a duba tukuna. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.