Abin da Mayafi Ya Rufe

'Yar'uwata cikin Almasihu, ke ma kin san irin roƙon addu'ar nan da ake yi a taron zumuntar mata, inda mace za ta miƙe ta ce a sa ta cikin addu'a domin wata damuwa da ba za ta iya furtawa ba. Mukan sunkuyar da kai mu yi mata, haka kuwa ya dace, gama Ubangiji ya san abin da baki bai ambata ba. Amma shekarun da na yi ina ziyarar marasa lafiya a Gubuchi da ƙauyukan da ke kewaye da mu sun koya mini cewa a bayan wasu daga cikin waɗannan roƙe-roƙe akwai ɗan ƙullutu a cikin mama, kamar ƙwayar gyaɗa, wanda mai shi ta taɓa ta ji tun wata shida da suka wuce, ba ta gaya wa mijinta ba, balle likita.

An rene mu da kunya, ba kuwa zan ce a yar da ita ba. Sai dai wannan ciwo ya san hanyar fakewa a bayanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2022 mata miliyan 2.3 ne aka samu da sankarar mama a duniya, 670,000 kuma suka rasu. A Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata, sabbin masu ita sun haura 30,000 a wannan shekarar kaɗai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bambancin da ke tsakanin ƙasashe. A ƙasashe masu arziki, fiye da 9 cikin mata 10 da aka samu da ciwon suna nan da rai bayan shekara 5. A wurinmu labarin ba haka yake ba, alhali ciwon ɗaya ne. Su suna zuwa asibiti yana ƙarami, mu kuwa sai ya fashe.

Dalilin jinkirinmu na farko shi ne, a farkonsa ba ya ciwo. Mace za ta yi daka, ta je gona, ta goya ɗa, ba abin da ya dame ta, sai ta ce ai abin da ba ya zafi ba ciwo ba ne. Wannan shirun nasa shi ne haɗarinsa. Saboda haka ki riƙa duba jikinki sau ɗaya a wata, 'yan kwanaki bayan al'ada ta ɗauke. In kuwa kin daina, ki zaɓi rana guda, ko da Lahadin farko ta kowane wata. Lokacin wanka ya fi sauƙi, da sabulu a hannu: ki bi maman duka da cikin yatsu uku har zuwa hammata. Ki lura ko akwai ƙullutu, ko kan maman ya shige ciki, ko yana fitar da jini ko wani ruwa ba na shayarwa ba, ko fatar ta yi ramuka-ramuka kamar ɓawon lemo. Yawancin ƙullutun da ake samu ba sankara ba ne, wannan gaskiya ce mai sanyaya zuciya. Amma yatsunki ba za su iya raba mai lahani da marar lahani ba. Kada kuma ki ce ai babu mai irinsa a danginku. Kusan rabin matan da ciwon ke kamawa ba su da wani dalili sai dai kasancewarsu mata da kuma shekaru.

Dalili na biyu ya fi wuyar cirewa, domin a bakin iyayenmu muka ji shi: wai daji ba ya son ƙarfe, da an sa masa allura ko wuƙa sai ya bazu. Na daɗe ina tunanin inda wannan magana ta samo ƙarfinta, na kuwa ga cewa daga abin da idanunmu suka gani ne. Mace ta ɓoye ciwo shekara biyu, ta sha jiƙe-jiƙe, ta shafa ƙulle-ƙulle, sai da ya kai huhu ko ƙashi aka kai ta Zariya. Aka tsaga, bayan wata uku ta rasu. Masu zaman makoki suka ce ƙarfe ne ya kashe ta. Ba wanda ya lissafa shekara biyun nan.

Na yi jinyar wata irin wannan. Mun lura ta koma zama a bencin baya kusa da taga, tana lulluɓe da mayafi mai kauri ko a tsakiyar bazara, kuma da an yi addu'ar sallama ta riga kowa fita. Muka zaci wani ne ya ɓata mata rai. Ashe gyambon ne ya soma wari. Ta riga ta sayar da awakinta duka a wajen masu magani, wani kuma ya gaya mata zuwa asibiti alamar raunin bangaskiya ne. Ranar da ta buɗe mini mayafin nan, abin da ta fara tambayata shi ne ko Allah zai yi fushi da ita in ta je wurin likita.

Da sarki Hezekiya na ba ta amsa, kamar yadda labarinsa yake a Littafin Sarakuna na Biyu sura 20. Ya yi ciwo har bakin mutuwa, ya yi addu'a da kuka, Allah ya ji, ya ƙara masa shekara 15. Duk da haka annabi Ishaya, wanda ya kawo saƙon warkarwa da bakinsa, shi ne ya sa aka kawo ɓaure aka ɗora a kan marurun. Alkawarin Allah bai hana a sa magani ba, maganin kuma bai rage wa Allah ɗaukaka ba. Mu da muke ƙasar Zazzau ma muna da shaida kusa da gida. Likita Mila, wanda ya yi aikin bishara a Zariya, ya kuma yi babban aiki a fassarar Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, likita ne. A Wusasa, majami'a da asibiti tare suka tashi. Ban san lokacin da muka fara ganin ɗaya kishiyar ɗaya ba ce, amma ba daga waɗanda suka kawo mana bishara muka gaje shi ba.

To, in kin ji wani abu, ki fara da asibitin da ke kusa, ko babban asibitin Makarfi ko na Ikara, ki nemi ma'aikaciyar jinya ta duba ki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In da bukata za a tura ki Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, inda akwai sashen masu ciwon daji. Za a yi hoto, sa'an nan a ɗebi ɗan tsoka da allura a auna. Wannan awon ne kaɗai ke tabbatar da ko sankara ce. Magani yakan haɗa da tiyata, da ƙarin ruwan magani mai ƙarfi wanda sau da yawa ake yi duk bayan mako uku, da gashi da na'ura, wasu kuma a ba su ƙwayar da za su sha shekara 5 ko fiye. Ruwan maganin yakan zubar da gashin kai, ya sa amai da kasala. Gashi yana dawowa. Abin da ba ya dawowa shi ne lokacin da aka ɓata in aka yanke magani a tsakiya domin an ji sauƙi, ko domin kuɗi ya ƙare.

Kai kuma ɗan'uwana, maigida, an ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wannan kam har da kai. Mata da yawa ba wuƙar likita suke tsoro ba, idonka suke tsoro ranar da suka dawo gida da mama ɗaya. Alkawarin da ka yi a gaban ikkilisiya ranar aure ya haɗa da ranar ciwo. In ta kama a sayar da raken bana tun yana gona, a sayar. Ka kuma gaya mata da bakinka, tun kafin a shiga da ita ɗakin tiyata, cewa tana nan matarka.

Sauran aikin namu ne, matan zumunta. Mun ƙware a girkin biki da na makoki, amma jinyar wata takwas ba mu saba da ita ba. Mai wannan magani tana bukatar wadda za ta ɗebo mata ruwa, ta riƙe mata yara ranar zuwa Shika, ta dama mata kunu ranar da tuwo ya ƙi shiga. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, don haka ku ci a kwano ɗaya da ita. In zazzaɓi ya kama ta a kwanakin da take karɓar ruwan magani, kada a tsaya a kemis, a kai ta asibiti a daren, domin maganin yana raunana garkuwar jiki. Hannun da ke gefen da aka yi tiyata yakan kumbura. Ta riƙa motsa shi yadda aka koya mata, ta kiyaye shi daga yanka da ƙuna. Dattawa kuma su ware baiko domin kuɗin mota da na awo, ba sai ta miƙe ta roƙa a gaban jama'a ba.

Ranar karɓar sakamakon awo kuwa, kada a bar ta ta tafi ita kaɗai. Wadda aka gaya wa sunan ciwon nan ba ta ƙara jin abin da likita ya faɗa bayansa. Wadda ta raka ta ita ce za ta riƙe katin, ta tambayi ranar dawowa, ta rubuta.