Kakar Inabi a Kwarin Douro

Duk shekara idan Satumba ta kama, zuciyata takan koma kwarin Douro a arewacin Fotugal, inda na yi aikin tsinkar inabi ina saurayi. Jirgin ƙasa ne ya kai ni daga Porto, yana bin gaɓar kogi har Pinhão. Daga nan sai hawa. Gonakin a jikin tsaunuka suke, an sassaƙa su hawa-hawa cikin dutse mai ɓarewa falle-falle, kuma tun 1756, a zamanin Marquês de Pombal, doka ta shata iyakar yankin.

Ni ba na shan giya, mutanen gonar kuma ba su taɓa matsa mini ba. Amma na san jar giyarsu tun tana 'ya'ya a jikin reshe. Inabin da suka fi ji da shi shi ne Touriga Nacional: 'ya'yansa ƙanana, baƙaƙe wuluk, masu kaurin fata, ba ya yawan haihuwa. Idan ka tauna, zaƙi ne ke fara zuwa, sannan bauri ya kama harshe da dasashi kamar na goro. Da dare akan zuba inabin a babban kwarmin dutse da suke kira lagar, maza su shiga ba takalmi, su sarƙe hannuwa a kafaɗun juna, su yi ta takawa a jere, sai an jima a saki kiɗa. Bayan 'yan kwanaki ɗakin da lagar ɗin yake yakan cika da ƙamshin 'ya'yan itace baƙaƙe da na fure. Har yau ina jin sa a hancina.

Abin da na fi kewa shi ne teburin cin abinci. Uwargidan gonar, tsohuwa mai faɗa da kyauta, ba ta yarda a buɗe kwalba ba tare da abinci ya sauka ba. A wurinta baurin nan maiƙo yake nema. Shi ya sa ranar Lahadi takan gasa ɗan akuya a tanderun itace, da dankali da tafarnuwa da ganyen ƙamshi, man zaitun na tafasa a ƙasan kasko. Dattawan sukan ci nama, su kurɓa, su ce yanzu giyar ta yi laushi, ɗanɗanonta ya fito. Ko busasshen kifin gishirin nan, bacalhau, idan an gasa shi ya sha mai, da jar giya suke ci, abin da baƙi daga wasu ƙasashen Turai ke mamaki. Sai burodin masara mai tauri a baya, sai cukwin tumaki na Serra da Estrela da ake yanke samansa a ɗiba da cokali.

Ni kuwa takan matso mini ruwan inabin da aka taka a ranar, tun bai fara tsami ba, ta ce in ci da naman in ji. Gaskiyarta ne. Kitsen yakan kwantar da baurin, zaƙin ya daɗe a baki.

A nan na fara jin sunan giyar Barca Velha, wadda aka fara yi a 1952, ba a kuma fitar da ita sai shekarar da inabi ya yi kyau matuƙa. Masu tsinka suna ambatonta da alfahari, alhali yawancinsu ba su taɓa ɗanɗana ta ba. Tasu ta gida ce, a tulu, ita suke sha, ni kuma a tura mini ƙarin nama.