Tukuicin Da Ya Zama Albashi

A wurinmu tukuici ƙari ne. Idan aka aiko yaro da kwanon tuwo, ka ba shi ɗan abin da ya samu, wanda ya aiko shi ba zai ce a rage masa abincin dare ba don ya samu tukuici. A Amurka kuwa doka ce ta yarda a rage.

Mafi ƙarancin albashi na gwamnatin tarayya dala 7.25 ne a awa tun 2009. Amma mai kai abinci teburi, tunda ana ba shi tukuici, ana iya biyansa dala 2.13 kacal, kuma wannan adadi bai motsa ba tun 1991. (Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba.) Doka ta ce idan tukuici bai kai ma'aikaci ga 7.25 ba, mai gidan abincin ya cike. Shekara uku na yi ina wannan aiki a Greensboro, jihar Karolina ta Arewa, inda 'yan Nijar suke da yawa, ban taɓa ganin wanda ya je ya nemi cikon ba. Wa zai tunkari mutumin da ke rubuta ranakun aikinsa? Sai ya ɗauke ka daga daren Asabar ya jefa ka ranar Talata, ka wuni kana goge cokula.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne halin matan da muka yi aiki tare. Mai cin abinci ya yi wa mace maganar banza, ta yi murmushi ta wuce, domin kuɗin hayarta na cikin aljihunsa. In ta haɗe rai, ya tashi bai bar ko sisi ba, kuma babu wanda zai tuhume shi.

Masu gidajen abinci suna cewa in aka soke wannan tsari farashi zai hau, a rage ma'aikata, mutane su daina ba da tukuici. Wasu ma'aikatan ma, musamman na wurare masu tsada, haka suke gani, kuma ba na raina tsoronsu. A 2024 masu zaɓe a Masacusets sun ƙi sokewar. A birnin Washington an kaɗa ƙuri'ar sokewa a 2018, majalisar birni ta rushe ta, jama'a suka sake kaɗawa a 2022. Shikago ta amince a 2023, a hankali cikin shekara biyar.

Ni dai ina bayan sokewa. Jihohi bakwai, cikinsu har da Kalifoniya da Nebada da Minesota, sun daɗe suna biyan cikakken albashi kafin tukuici, kuma gidajen abincin Las Begas ba su rufe ba. Har yau mutane a can suna barin kuɗi a kan teburi idan sun tashi.