Jarumin Majigi da Jarumin Gida

A bakin Bahaushen Damagaram, kalmar jarumi tana da nauyi. Ana ba da ita ga wanda ya tsaya a fagen daga lokacin da wasu suka juya baya, ko ga ɗan kokowar da ya kayar da abokin karawarsa a gaban jama'a. Amma a yau, idan aka tambayi ɗan makaranta a Guna, cikin gundumar Miriya, ya ambaci jarumi, sau da yawa sunan da zai fara zuwa bakinsa na wani mai rufe fuska ne da ke tashi sama ko yana hawan bango. Ya san shi a jikin rigar gwanjo, a kan jakar makaranta, da kuma cikin wayar yayansa. Ya kamata malamai su san asalin wannan baƙo, domin wanda bai san inda ruwa ya fito ba, ba zai iya yi masa hanya ba.

An haifi Superman a shekarar 1938 a cikin wata mujallar zane ta Amurka. Samari biyu, Jerry Siegel da Joe Shuster, su ne suka ƙago shi, suka kuma sayar da haƙƙin mallakarsa a kan dalar Amurka 130 kacal. Batman ya biyo baya a 1939. Shekaru da dama waɗannan labarai suna zaune a takarda mai araha da gajerun finafinai, manya suna kallonsu a matsayin wasan yara. Fim ɗin Superman na 1978, wanda Richard Donner ya shirya, shi ne ya nuna cewa akwai riba mai yawa a ciki, domin ya tara kimanin dalar Amurka miliyan 300. Batman na Tim Burton ya haura miliyan 400 a 1989, sannan Spider-Man na 2002 ya wuce miliyan 800.

Babban sauyi ya zo ne daga kamfanin Marvel, wanda a 1996 bashi ya durƙusar da shi har ya nemi kariyar kotu. A 2008 ya fitar da Iron Man, ya kuma ɗauki wata dabara: kowane fim ya zama babi ɗaya na dogon labari, ta yadda wanda ya ga na yau ba zai haƙura da na gobe ba. Disney ya sayi kamfanin a 2009 a kan kusan dalar Amurka biliyan 4. Bayan shekara goma, Avengers: Endgame na 2019 ya tara kusan biliyan 2.8, abin da ya haura sefa biliyan 1,500. Sai dai kome nisan jifa ƙasa zai faɗo: The Marvels na 2023 da kyar ya wuce miliyan 200, alamar cewa ƴan kallo suna iya ƙoshi.

Wannan lissafi na kuɗin shiga silima ne, kuma yaron Guna ba ya cikinsa. Shi fim yana isa gare shi ta hannun mai tura finafinai a waya, ko a rumfar kallo mai janareta, wani lokaci da muryar mai fassara da Hausa a kai. Kamfanin bai ga ko dala ɗaya tasa ba, amma ya samu abin da ya fi kuɗi daɗewa, wato mafarkin yaron. Wannan kuwa ba sabon abu ba ne a Nijar. Tun a 1966 Mustafa Alasan ya shirya fim ɗin Le Retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawakai suka hana ƙauyensu sakat. Kaboyi ya wuce, jarumin Indiya da ɗan kareti na Sin sun yi zamaninsu, yau kuma mai alkyabba ne ke kan gaba.

Abin mamaki shi ne ƙasar Hausa ba ta taɓa rashin irin waɗannan taurari ba. Bayajida ya kashe macijin rijiyar Kusugu a Daura. Ganɗoki na Bello Kagara, wanda aka buga a 1934, shekara huɗu kafin Superman, ya yaƙi Turawa ya kuma shiga ƙasar aljannu. Gizo na tatsuniya ya riga mai saƙar Amurka hawa bango, ko da yake shi makaminsa wayo ne. A tarihin Damagaram kuma akwai Sarki Tanimu, wanda ya kewaye birni da ganuwa ya sa maƙera suka ƙera igwa, akwai Amadu Kuran Daga, wanda a zamaninsa aka kashe Kyaftin Cazemajou a 1898, ya kuma tari sojojin Faransa a Tirmini a 1899. Har filin kokowar Damagaram sunan Langa-Langa yake ɗauke da shi.

Misalin Sarauniya ya isa darasi. Abdullahi Mamani, ɗan siyasa kuma marubucin da ya wakilci Damagaram a majalisa, ya buga littafinsa Sarraounia a 1980, kan Sarauniya Mangu ta Lugu da ta ƙi miƙa wuya ga rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986, aka ɗauke shi a Burkina Faso, ya kuma lashe babbar kyautar FESPACO a 1987. Duk da haka, ɗaliban da suka ga Black Panther na 2018, wanda ya tara fiye da dalar Amurka biliyan 1.3 da labarin wata ƙasar Afirka ta ƙage, sun fi waɗanda suka ga Sarauniya yawa nesa ba kusa ba. Kyawun labari kaɗai ba ya kai shi ga ɗan kallo. Sai da jari, da hanyar rarrabawa, da maimaitawa shekara bayan shekara.

Hana yara kallo ba zai yi amfani ba, domin abin da aka hana ya fi daɗi. Abin da ke hannun malami shi ne ya shigo da fim ɗin cikin aji ya sa ɗalibai su yi masa tambayoyi. Wa ya ba wannan jarumi ikon hukunta mutane? Me ya sa jama'ar gari kullum gudu suke yi suna jiran mai ceto ɗaya? A ina ya bambanta da ɗan kokowa, wanda yake da makaɗi da unguwa da dattawan da za su tsawata masa? Darasin Faransanci da na Hausa duka za su ƙaru da irin wannan muhawara.

Ƙungiyoyin al'adu kuwa aikinsu ya fi gaggawa. Tsofaffin da suka riƙe labaran fada da kirarin mazaje a Guna da Miriya da Birni suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. A naɗi muryoyinsu, a rubuta, a ba yara masu hannun zane su zana, a kuma rubuta sunan mai labari da na mai zane a kan kowane aiki. Siegel da Shuster sun tsufa cikin ƙunci alhali abin da suka ƙago yana tara dukiya ga wasu, sai a 1975 aka yanka musu fansho aka mayar da sunayensu. Duk wanda zai fitar da jarumin Damagaram zuwa majigi, ya fara da sanin mai shi.