Turmin Man Inna

Har yau idan na bi ta wani lungu na ji ƙamshin gyaɗa a kan wuta, sai ƙafata ta rage sauri. A gidanmu, a wani gari da ke arewa da Kano, wannan ƙamshin ne ke tashinmu duk ranar da Inna za ta yi mai. Ni ce 'yar fari, don haka ba ta kiran sunana. "Ke 'yar nan, kawo yashi," shi ne abin da na fi ji daga bakinta da sanyin safiya.

Da yashi ake suyar, a babban kasko, don kada wuta ta ci gefe ɗaya ta bar ɗaya. Inna ba ta da agogo. Takan ɗauki ƙwaya ɗaya ta murje a tsakanin yatsu, ta duba launinta, ta ce a sauke. Idan suya ba ta kai ba mai zai yi ƙwauro, idan ta wuce ƙuli zai yi ɗaci, kuma mai tsiren da ke saye a wurinmu ba zai sake aiko yaro ba. Daga nan mu murje jar fatar, a bakace da faifai, a tsince ruɓaɓɓu da masu funfuna. A kan tsintar nan Inna ba ta da sassauci ko kaɗan. Sai da na girma na ji ma'aikatan lafiya suna cewa funfunar gyaɗa na ɗauke da guba mai lalata hanta. Ita dai cewa take, abin da ba za ta ba 'ya'yanta ba, ba za ta sayar wa 'ya'yan wani ba.

Babban aikin yana cikin turmi. Bayan gyaɗar ta daku ta yi laushi, sai Inna da Gwaggo su kama taɓarya ɗaya suna tuƙawa a zagaye, ni kuma ina tsaye da ludayi ina zuba tafasasshen ruwa kaɗan-kaɗan. Da fari ba ka ganin komai sai ƙullu mai nauyi yana kama taɓarya. Can sai ya fara sheƙi, ya dunƙule, ya saki jikin turmin, mai ya tsattsafo ta gefe ya taru. Kusan rabin nauyin ƙwayar gyaɗa mai ne, amma hannu ba ya iya fitar da shi duka, kuma wanda ya rage a cikin tunkuza shi ne daɗin ƙulin. A matse tunkuzar a kan dutse, a mulmula, a soya ta a cikin man da ya fito daga jikinta. Wannan suyar ce ke ƙone ragowar ruwa, ta ba man launinsa da ƙamshin da ake gane shi da shi tun daga zaure.

Wata rana mai ya ƙi fita. Suka tuƙa har hannunsu ya yi kanta, ƙullu yana nan jagab. Maƙwabciyarmu ta leƙo ta ce baki ne, a nemo rubutu. Inna ta sa yatsa a tukunyar ruwan, ta dube ni. Na bar wuta ta mutu ina wasa, ruwan ya huce. Ba ta doke ni ba. Ta ce, "Kwano shida ke nan, 'yar nan. Kuɗin adashin wannan makon." Da ta doke ni da ya fi mini sauƙi.

Da wannan adashin aka saya mini littattafai, da shi aka tara kwanukan da na tafi da su ɗakin miji. Inna tana cikin kulle, ba ta taɓa zama a kasuwa ba, amma kwalaben manta sun shiga gidajen da ita ba ta taɓa takawa ba.

A 1971 Baba ya tafi da ni birni, na ga dalar gyaɗa da idona: buhuna kan buhuna, 'yan dako suna hawa da buhu a ka kamar tururuwa. Ya ce mini tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta zama kuɗi, kuma Alhassan Ɗantata na cikin manyan da suka gina wannan ciniki. Ban san ina kallon ƙarshen abin ba ne. Fari ya zo a 1973, a 1975 kuma kuturtar gyaɗa ta bi gonaki, ganye ya nannaɗe ya yi rawaya, aka tona ba komai a ƙasa. Baba ya mai da gonarsa ta gero da wake. Shekarar nan turmin Inna ya fi wata uku a kife, man gwangwani na ƙasashen waje ya cika kantuna.

Ba zan zagi inji ba. Ranar da aka kafa injin markaɗe mai aiki da gas a bakin kasuwarmu, kafaɗun Inna ne suka fara samun hutu. Dakan da ke cin rabin yini ya koma ɗan lokacin da zan kai bokiti in dawo. Daga baya aka kawo na tuƙawa, mata suna biyan kuɗi kan kowane kwano. Wanda ya canza sana'ar shi ne injin matsa, mai murɗaɗɗen ƙarfe a cikinsa, wanda ake zuba gyaɗa ta sama, mai ya fito ta ƙasa, busasshiyar tunkuza ta fito ta gaba. Yana tatse kusan komai, abin da ya rage sai a kai wa masu haɗa abincin kaji. Masana'antun Bompai da Sharaɗa kuwa har tacewa suke yi, su cire launi da ƙamshi, kuma ba gyaɗa kaɗai suke matsa ba, har da waken suya da angurya. Mai kuɗi ya sayi inji, mai turmi ta koma sayen gyaɗa da tsada tana gasa da jarka.

Abin da ke damuna shi ne ba a taɓa lissafa matan nan cikin masu masana'anta ba. An yi ta maganar farfaɗo da dala, masu bincike a Samaru sun fitar da irin SAMNUT mai jure kuturta, gyaɗa ta dawo gonaki, amma ƙaramin injin da mata goma za su haɗa kuɗi su mallaka har yanzu ya fi ƙarfin yawancinsu.

Inna ta bar yin mai da ƙarfinta ya ƙare. Turmin yana ɗakina. Itacen ya sha mai har ya yi baƙi, kuma idan zafin bazara ya tsananta yakan yi naso. Jikata ta taɓa shi kwanan baya, ta shinshina yatsanta, ta ce, "Hajiya, wa ya ci ƙuli a nan?"