Yaron Da Ke Kallon Bakina

 

'Yan uwa masu karatu, yau ina so in ba ku labarin wani kuskure da na tafka a cikin aji, wanda har yanzu idan na tuna shi sai in ji kunyar kaina. Ban zagi kowa ba, ban kuma ɗaga bulala ba. Da fuskata kawai na aikata shi, kuma saura kaɗan ya raba wani yaro da karatun Alƙur'ani.

A shekarar 2018 aka ba ni wani aji a Islamiyyar da nake koyarwa da yamma. A cikin ɗaliban akwai wani yaro da bai wuce shekara tara ba, kullum a sahun gaba yake zama, kuma da zarar na buɗe baki sai ya ƙura mini ido ko ƙiftawa ba ya yi. Mu kuwa mun taso ne a kan cewa yaro mai tarbiyya sunkuyar da kai yake yi idan babba na magana, wanda ya tsare babba da ido kuma sunansa fitsararre. Saboda haka sai na fara harararsa. Da na ga harara ba ta yi aiki ba, sai na mayar da shi can ƙarshen aji. Daga nan haddarsa ta lalace. Idan na juya ina rubutu a allo na kira sunansa, sai ya yi shiru, ni kuma in ɗauka raini ne, in ja tsaki in wuce. Ana nan sai yaron ya daina zuwa.

Bayan kamar mako biyu na haɗu da mahaifinsa a ƙofar masallaci bayan sallar Magariba. Muka gaisa, na tambaye shi ko lafiya ban ga yaron ba. Sai dattijon nan ya yi ɗan murmushi ya ce, "Malam, ai cewa ya yi ba ka son ganinsa." Na ce, "Subhanallahi! Baba, wallahi ban taɓa faɗa masa haka ba." Ya ce, "Na sani, Malam. Amma shi da ido yake ji." Nan ya ba ni labarin cewa sanƙarau ya kama yaron a 2017, shekarar da annobar ta yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato da Katsina, Allah Ya tashi kafaɗarsa, amma jinsa ya ragu ƙwarai. Ashe duk kallon nan da yake yi mini, motsin leɓɓana yake bi domin ya kama ayar da nake biyawa. Ni da nake zarginsa da rashin kunya, ashe duk ajin babu wanda ya kai shi himmar sauraro.

A daren nan barci bai ɗauke ni da wuri ba. Abin da ya fi damuna shi ne, wannan ilimi na karanta shi, har na ci jarrabawa a kansa. A darasin balaga an koya mana cewa Jahiz, malamin Basra wanda ya rasu a shekara ta 255 bayan hijira, ya kasa hanyoyin isar da ma'ana gida biyar a littafinsa Al-Bayan wat Tabyin: lafazi, da ishara, da ƙidayar yatsu, da rubutu, da kuma halin da abu yake ciki wanda ke bayyana kansa ba tare da furuci ba. Ka ga ke nan lafazi ɗaya ne kacal daga cikin biyar. A jami'a kuma na gamu da aikin wasu masana halayyar ɗan Adam na Amurka, Paul Ekman da Wallace Friesen, waɗanda a 1969 su ma suka kasa motsin jiki kashi biyar. Akwai alamar da ke tsayawa a madadin kalma, kamar jinjina ko daƙuwa. Akwai wadda ke raka magana, kamar mutum ya ware hannuwa yana kwatanta girman kifi. Akwai mai tona abin da ke cikin zuciya, kamar murmushi da yatsina fuska. Akwai mai tsara zance tsakanin mutum biyu, kamar gyaɗa kai domin mai magana ya ci gaba. Sai ta biyar, wadda jiki ke yi ba tare da mai shi ya lura ba, kamar sosa ƙeya ko wasa da yatsu lokacin fargaba.

Shi kuwa Bahaushe bai jira wani masani ba kafin ya raɗa wa waɗannan abubuwa suna. Yana da harara da zunɗe da gatsine da murguɗa baki. Yana da tagumi, wanda ko daga nesa ka hango shi ka san akwai damuwa. Yaro ya noƙe kafaɗa, an san ya ƙi. Maigida ya yi gyaran murya a zaure, matan gida sun san ya iso. Uwa ta ƙifta wa ɗanta ido a gidan baƙi, ya janye hannu daga kwano. Shi ya sa aka ce labarin zuciya a tambayi fuska. To amma abin da na manta shi ne, alama ɗaya tana iya ɗaukar ma'ana fiye da ɗaya. Kallon tsabar ido da muke kira rashin kunya, a Ingila da Amurka alamar gaskiya ce da natsuwa, a wurin mai raunin ji kuwa shi ne kunnensa. Na yi wa yaron nan hukunci da ma'ana guda ɗaya da na sani, ban tsaya na tambaya ba.

Da na koma ga Alƙur'ani da wannan ciwo a zuciyata, sai na ga ishara ko'ina a cikinsa. Annabi Zakariyya (AS) an ba shi alamar cewa zai yi kwana uku ba ya magana da mutane sai da nuni. Nana Maryam (AS), a lokacin da mutanenta suka tuhume ta, nuni ta yi zuwa ga jaririnta. Luƙman ya hana ɗansa karkatar da kunci ga mutane saboda girman kai. Suratul Muɗaffifina ta ambaci masu ƙifta wa juna ido idan muminai sun wuce. Manzon Allah (SAW) ya haɗa yatsunsa biyu domin ya nuna kusancinsa a Aljanna da mai riƙon maraya. Malaman fiƙihu sun karɓi isharar bebe a ciniki da aure da saki matuƙar ana fahimtarta. Imam Nawawi kuma ya bayyana a cikin Al-Azkar cewa giba tana tabbata da ido da hannu da kai, kamar yadda take tabbata da harshe. Ke nan a shari'a ishara magana ce, tana ƙulla alkawari, tana jawo lada, tana kuma jawo zunubi.

Amma inda jikina ya yi sanyi shi ne farkon Suratu Abasa. Abdullahi ɗan Ummu Maktum (RA) ya zo yana neman ilimi a lokacin da Annabi (SAW) ke kwaɗayin shiriyar manyan Ƙuraishawa, sai fiyayyen halitta ya ɗan ɗaure fuska ya kau da kai, Allah Ya saukar da ayoyi a kan haka. Ka yi tunani, ya ɗan uwa: Ibnu Ummi Maktum makaho ne, bai ga wannan ɗaure fuskar ba, amma Ubangijinsa Ya gani. To ina ga ni, da na shafe makonni ina hararar yaron da ba shi da wata hanyar fahimtata sai fuskar tawa? Kowace harara da na yi, shi a wurinsa jumla ce cikakkiya, kuma ya karanta ta daidai.

Washegari na tafi gidansu. Na durƙusa daidai tsawonsa domin ya ga bakina, na ce masa a hankali, "Ka yafe mini, ka dawo makaranta." Bai ce komai ba, sai ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ya dawo, na mayar da shi sahun gaba. Tun daga ranar na daina magana ina fuskantar allo. Sai na gama rubutu, in juyo, sannan in yi bayani. Abin mamaki, sauran yaran ma karatunsu ya ƙaru, domin makharijul huruf da ido ake kama wasunsu. Yaro zai fi gane bambancin "zal" da "zayi" idan ya ga inda harshen malaminsa ya tsaya.

Ya ku 'yan uwana matasa, da yawanmu muna kiyaye harshe, ba ma zagi, ba ma ashar, amma mun saki fuskokinmu suna faɗin abin da suka ga dama. Mahaifiya ta aike ka, ka tafi, amma da turo baki. Almajiri ya yi sallama, ka ba shi sadaka da yatsina. Wani ya yi tuntuɓen harshe a karatu, ka dubi abokinka ku yi murmushi. Hatta a waya, 'yar fuskar dariyar nan da kake liƙawa a ƙarƙashin rubutun ɗan uwanka domin ka muzanta shi, zunɗe ce, ta sauya kaya ne kawai. Haka nan idan kai ne ka ga alama a jikin wani, kada ka yi gaggawar fassara ta. Wanda bai amsa sallamarka ba wataƙila bai ji ba, wanda ya ɗaure fuska wataƙila ciwo yake ɓoyewa. Tambaya ɗaya da na yi wa yaron nan a makon farko, da ta hutar da mu duka.

Magabata sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, a hadisi kuma an lissafa murmushi ga ɗan uwa cikin sadaka. Allah Ya yafe mana abin da idanunmu da fuskokinmu suka faɗa wanda harsunanmu suka ji nauyin faɗa, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa mu zama masu kyautata zato. Wanda ya karanta wannan, ina roƙon ya sa ɗalibin nan nawa a addu'a. Yanzu haka ya kusa sauke Alƙur'ani.