Ƴan tsaki talatin cikin kwali ɗaya

A wani ƙauye kusa da tabkin Madarunfa akwai wata mata mai ƴaƴa biyar. Da ta kwashi adashe, sai ta aika Maraɗi aka sayo mata ƴan tsaki 30 masu kwana ɗaya. Ba su da uwa. Watan Janairu ne, hunturu ya kankama. Don tsoron sanyi da shirwa, ta zuba su cikin kwali, ta ajiye gindin gadonta.

Kwana biyar ke nan ɗaki ya ɗauki wari. Sun kifar da ruwansu, kwali ya jiƙe, kashi ya cakuɗe da abinci. Da dare sukan taru a kusurwa, na sama su danne na ƙasa. Kafin kwana goma, bakwai sun mutu. Maigida ya ce, ko dai a fitar da su, ko shi ya koma zaure. Hankalinta ya tashi, don adashe bashi ne, dole ta ci gaba da zubi.

Sai ta tafi wurin malamin dabbobi. Ya tambaye ta wurin kwanansu. Da ya ji, ya ce mata matsi da danshi ne ke kashe su.

Ta koma gida ta share wata tsohuwar bukka. Ta kewaye wuri da tabarma, kewaye irin na bakin rijiya, don kada a sami kusurwa. Faɗinsa ya ɗara mita ɗaya. Ta shimfiɗa busasshen ɓawon gyaɗa, kaurin yatsa huɗu. Ta sa garwashi cikin tukunyar ƙasa a tsakiya, ta bar kafa a sama inda iska za ta fita, domin garwashi a rufaffen ɗaki yana kisa. Kaskon ruwa kuwa ta ɗora shi bisa bulo, ta zuba tsakuwa ciki don kada su faɗa.

A satin farko ɗan tsako yana son ɗumi wajen digiri 32 zuwa 35. Ba ta da ma'auni, amma tana da ido. In sun cunkushe jikin tukunya suna kuka, sanyi ne. In sun gudu gefe baki buɗe, zafi ya yi yawa. In sun bazu suna ci, to daidai ne.

Kowace safiya takan kwashe inda ya jiƙe, ta zuba sabo. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke yaɗa zawo mai jini. Kowane sati takan buɗa tabarma ta ƙara musu fili, ta rage wuta. An kuma yi musu rigakafin ciwon nan da ke share kaji lokacin sanyi. Abin da ta kwashe ta tara a rami ya ruɓe, ya zama taki a gonar gero.

Cikin 23 da suka rage, 21 sun rayu. Ta sayar da zakarun ta cika zubinta, ta bar kajin suna ƙwai.

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, kafin ku sayo ƴan tsaki, ku fara gyara musu wurin kwana. Ku tanadi busasshiyar shimfiɗa, da ɗumi, da fili. Rigakafi ya fi magani.